JIBRALTA: DUTSEN ƊARIƘU DA FARFELAR JIRGIN JANAR SIKORSKI

A can ƙarshen kudancin ƙasar Sifen, kusa da inda Bahar Rum ta haɗu da Tekun Atilantika, akwai wani ɗan harshen ƙasa da ya kutsa cikin ruwa, wanda faɗinsa duka bai cika murabba'in kilomita 7 ba. A kansa kuma wani farin dutse ne zaune, mai tsawon mita 426. Wannan wuri shi ne Jibralta, watau Jabalu Ɗariƙ, domin a gindinsa ne Ɗariƙu ɗan Ziyadu ya sauka da rundunarsa a shekarar 711, aka buɗe ƙasar Andalus. Ingilishi suka kama wurin a 1704, har gobe kuwa yana hannunsu, ko da yake Sifen ba ta daina cewa nata ne ba.

Baƙon da ya shigo da ƙafa daga garin La Linea na Sifen, abin mamaki na farko da zai tarar shi ne sai ya ratsa ta tsakiyar hanyar tashin jiragen sama kafin ya isa cikin gari. In jirgi zai sauka sai a tsai da jama'a, kamar yadda ake yi a mararrabar jirgin ƙasa. Motoci ma haka suke yi a da, sai a 2023 aka buɗe musu hanya ta ƙarƙashin ƙasa. Hanyar jiragen gajera ce, gabas ruwa, yamma ruwa. To, a bakinta na gabas ɗin nan ne aka yi hatsarin da mutanen ƙasar Folan ba su manta ba har yau.

Ran 4 ga watan Yuli, 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani jirgin jigila na sojan saman Ingila, ƙirar Liberator, ya tashi daga nan da ƙarfe 11 da minti 7 na dare, zai nufi Ingila. A cikinsa akwai Janar Wladyslaw Sikorski, Firayim Ministan gwamnatin Folan mai gudun hijira a Landan, kuma babban kwamandan sojojinta. Yana kan hanyar komawa ne daga rangadin dakarunsa da ke Gabas ta Tsakiya, ya biyo ta Alƙahira. Daƙiƙa 16 kacal da ɗagawa sai jirgin ya sunkuya ya afka cikin teku. Mutum 16 aka ƙidaya sun rasu, ciki har da Janar ɗin, da shugaban hafsoshinsa Tadeusz Klimecki, da 'yan majalisar Ingila biyu, da 'yarsa Zofia, wadda ba a ga gawarta ba. Matuƙin kaɗai ya tsira, Eduard Prchal, mutumin Cekoslobakiya.

Mai karatu zai ce ai hatsarin jirgi a lokacin yaƙi ba baƙon abu ba ne. Haka ne, amma a dubi lokacin da wannan ya faɗo. A watan Afrilu na shekarar ne Jamusawa suka ba da sanarwar sun tono ramukan gawawwakin hafsoshin Folan a dajin Katyn. Sikorski ya nemi ƙungiyar Red Cross ta bincika, Stalin ya fusata ya yanke hulɗa da gwamnatinsa. Ga kuma jakadan Rasha a Landan, Ivan Maisky, shi ma ya yada zango a Jibralta a ranar da jirgin ya faɗi. Abin nema ya samu ga masu zargi: wasu suka nuna Rasha, wasu Ingila, wasu ma suka ce 'yan'uwansa ne masu adawa da shi.

Kotun binciken sojan saman Ingila ta ce linzamin da ke ɗaga jirgin sama ne ya cije, ba ta gano abin da ya sa ya cije ba, amma ta ce babu maƙarƙashiya. A 2008 hukumomin Folan suka tono gawarsa, likitoci suka tabbatar raunukan faɗuwar jirgi ne suka kashe shi. A 2013 aka rufe binciken ba tare da an sami shaidar da ta kama kowa ba. Batun Katyn kuwa, sai a 1990 Rasha ta amsa cewa 'yan sandan asirinta ne suka hallaka mutanen, wajen 22,000, a 1940.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne girman rashin. Sikorski ne ɗan Folan ɗin da Churchill da Roosevelt ke saurara. Da ya kau, sai manya suka yanke makomar ƙasar a tarukan Tehran da Yalta babu bakinta a ciki, a watan Yulin 1945 kuma Ingila da Amurka suka janye amincewarsu da gwamnatin nan ta Landan. Shi kansa sai da ya shekara 50 a maƙabartar Newark ta Ingila, kana a 1993 aka mai da ƙasusuwansa birnin Krakow, cikin majami'ar Wawel inda sarakunan ƙasar ke kwance.

Yawancin masu ziyara suna hawa dutsen ne don kallon birai da kogunan da soja suka fafe. Amma wanda ya daure ya gangara har Europa Point, ƙurewar kudu, zai ga fitilar jiragen ruwa, da masallacin Ibrahim al-Ibrahim wanda Sarki Fahad na Saudiyya ya gina aka buɗe a 1997, sa'an nan ga dandalin tunawa da aka ƙaddamar a 2013, an kafa farfelar jirgi a kansa tare da sunayen mamatan. In gari ya yi garau, daga nan ana hango duwatsun Maroko. Jiragen ruwa na ta ratsa mashigin dare da rana, 'yan Folan kuwa duk ranar 4 ga Yuli sukan zo su ajiye furanni a gindin farfelar.