Zuwa ga Uwata, a Bakin Tekun Indiya

Uwata,

  Hotunan da kika aiko daga Zanzibar sun iso, Hajiya ta zagaya da wayar gida-gida tana nuna wa maƙwabta farin yashi da shuɗin ruwa. Ni kuwa idona ya tsaya ne a kan hoto ɗaya, inda kika tsaya a gaban wata tsohuwar ƙofar katako mai sassaƙa da ƙusoshin tagulla, kika rubuta a ƙasa cewa aikin Larabawa ne. Wannan rubutu ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma na ga ya dace in sa wasiƙar inda ƙannenki da sa'o'inki za su karanta, don ba ke kaɗai aka koya wa haka ba.

Sunan mutanen nan, Swahili, daga Larabci ya fito, sawahil, jam'in sahil, wato gaɓar teku. Kalmar ce dai ta ba mu Sahel. Masu raƙuma sun ɗauki Sahara tamkar teku, mu kuma muna zaune a gaɓarta. Wanda ya san yadda fatake suka raya Kano da Katsina da Agadez ba zai sha wuya ba wajen gane Lamu da Mombasa da Kilwa. Tasu gaɓar ta miƙe daga Mogadishu har Sofala a Mozambik, da tsibirai a jere kamar tasbaha: Pate, Lamu, Pemba, Unguja, Mafia.

Iska ce ta raya su. A watannin da hunturu yake kaɗa mu a nan, daga Disamba zuwa wajen Maris, su ma iskarsu daga arewa maso gabas take busowa, suna kiranta kaskazi. Ita ke turo jiragen katako daga Oman da Yaman da Indiya. Daga Afrilu sai ta juya, ta zama kusi, ta mayar da su gida. Kin ga ke nan baƙon da ya zo ba shi da halin juyawa gobe, dole ya zauna watanni yana jiran iska. Ya kama masauki, ya yi salla a masallacin unguwa, wani ya nemi aure. 'Ya'yan da aka haifa kuwa da harshen uwa suka tashi. Shi ya sa Swahili yake harshen Bantu, ɗan'uwan harsunan Pokomo da Mijikenda na Kenya, duk da yawan kalmomin Larabci da ya ara. Mu ma mun ara, kuma babu wanda ya ce Hausa Larabci ce. Da kin ji habari ko saa ko alhamisi, kin san daga rijiyar da muka ɗebo su ma suka ɗebo. Kuma da ajami suka yi ta rubuta waƙoƙinsu kafin boko ya zo.

Abin da nake roƙonki shi ne ki je Kilwa. Daga Dar es Salaam tafiyar wajen kilomita 300 ce kudu, zuwa Kilwa Masoko, sai kwalekwale ya haye da ke tsibirin. Na taɓa zuwa sau ɗaya, lokacin kina aji uku a firamare. Na shiga babban masallacin da hantsi, ba kowa sai awaki a waje da wani dattijo mai gadi. Ginshiƙai a jere, ƙubbobi a sama, duk da dutsen murjani aka gina su, wanda aka sassaro daga teku aka haɗa da farar ƙasa. Na ɗora tafina a kan ginshiƙi ɗaya, yana da kaushi da ƙananan ramuka kamar soson wanka, ga sanyi duk da zafin rana. Dattijon ya nuna mini alƙibla ba tare da na tambaya ba, ya ja gefe. Na yi nafila raka'a biyu, na daɗe ban tashi ba.

Ibn Battuta ya sauka a garin a 1331, zamanin Sarki Hasan bin Sulaiman, wanda ake wa laƙabi da Abul Mawahib saboda kyautarsa. Ya sa Kilwa cikin mafiya kyawun biranen da ya gani, ya kuma faɗi cewa yawancin mutanenta baƙaƙe ne wuluk, masu tsaga a fuska. Wannan matafiyi, bayan shekara 22, shi ne ya ratso ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau, saboda haka ya ga gaɓar duka biyu da idonsa. Arzikin Kilwa zinariya ce da ke fitowa daga tudun Zimbabwe ta hanyar Sofala. Da ita sarkin ya gina fadar Husuni Kubwa mai ɗakuna sama da 100 da tafkin wanka mai kusurwa takwas, kuma garin yana buga kuɗinsa na tagulla da sunan sarakunansa. Marubutan zamanin mulkin mallaka sun ce duk wannan aikin baƙi ne. Da aka haƙa ƙasa a Shanga, kusa da Lamu, sai aka tarar a ƙarƙashin masallacin dutse akwai sawun ƙananan masallatai na itace da laka tun ƙarni na 8, tare da tukwanen mutanen wurin. Garin daga bukka ya girma, a hannun masu shi. Baƙi sun zo, sun kawo addini da kaya da jini, amma gida suka tarar.

Daga nan labarin sai ya yi sauri. Vasco da Gama ya ɓullo a 1498, a 1505 mutanen Fotugal suka wawashe Kilwa da Mombasa. Suka gina ganuwar Fort Jesus a Mombasa a 1593, mutanen Oman suka ƙwace ta a 1698 bayan tsare ta kusan shekara uku. A wajen 1840 sarkin Oman Sayyid Sa'id ya ɗauke fadarsa daga Maskat ya koma Zanzibar.

Nan ne wurin da ba na so ki kau da kai. Kanumfarin da Hajiya take jefawa a kunun zaƙi, wanda su suke kira karafuu, shi ya cika tsibiran Zanzibar, Unguja da Pemba, da gonaki, kuma bayi ne suka yi noman. Ayari yana tashi daga Bagamoyo, ya bi ta Tabora har Ujiji a bakin tafkin Tanganyika, tafiyar fiye da kilomita 1,000, ya dawo da hauren giwa a kan mutane, a sayar da hauren, a sayar da wasu daga cikin mutanen. Sai a 1873 aka rufe kasuwar bayi ta Zanzibar, aka gina coci a filinta. A harabar akwai rami da mutum-mutumi biyar a tsaye, sarƙa a wuyansu. Ki je ki tsaya a kansu. Masu wannan ciniki da yawa Musulmi ne masu salla, kuma Tippu Tip, wanda ya fi kowa suna a cikinsa, ɗan Zanzibar ne mai jinin Afirka da na Oman, har gidansa za a nuna miki a tsohon gari. Kada ki ce wannan laifin wasu ne can. Ayarin da ke tashi daga ƙasarmu zuwa Tarabulus ba fata da gashin jimina kaɗai ya ɗauka ba, kuma kin san gidajen da har yau ake yi musu gori a raɗa idan maganar aure ta taso. Ranar da na tsaya bakin ramin nan, gorin nan ne ya faɗo mini, na ji kunyar lokutan da na ji ana yi na yi shiru.

Ciwon bai mutu da rufe kasuwa ba. Ranar 12 ga Janairu 1964 aka yi juyin juya hali a Zanzibar, aka kori sarki, aka kashe Larabawa da Indiyawa masu yawa. Ranar 26 ga Afrilu tsibiran suka haɗe da Tanganyika, aka sami Tanzaniya. Idan kin zauna da dattawan tsibirin, kada ki fara tayar da zancen. Akwai masu tabo a kowane ɓangare. Amma ki lura da abin da Mwalimu Nyerere, shugaban ƙasar na farko, ya yi da harshen Swahilin nan da ayarin bayi ya shigar cikin ƙasa. Ya mai da shi harshen makaranta da majalisa, har ƙabilu sama da 120 suna fahimtar juna da shi. Wannan abu ya burge ni ƙwarai, kuma har yau ina tunaninsa.

Saboda haka ki koyi harshen da gaske, kada ki tsaya a gaisuwa. Babba za ki ce masa shikamoo, ya amsa da marahaba, ki rusuna kamar yadda kika saba. Agogonsu daga fitowar rana yake farawa, ƙarfe bakwai na safe ita ce saa moja, don haka ki tabbatar da lokaci kafin ki yi alkawari. A masallaci za ki ji liman yana bayyana bisimilla a Fatiha, yana alƙunutu a bayyane da asuba. Shafi'awa ne, kada ki yi musu gyara.

Hajiya ta ce a gaya miki ta ga zannuwan kanga masu rubutu a jiki, tana son biyu, amma ki sa a fassara miki rubutun kafin ki biya, don an ce wasu habaici ne. Ni kuma idan Allah ya kai ki Kilwa, ki tafi da yaran, ki sa babban ya taɓa ginshiƙin da hannunsa, sannan ki kira ni daga cikin masallacin.

Allah ya yi muku albarka, ya dawo mana da ku lafiya.

Naki,
Baba