Tsohuwar Tarakta da Maganar Inshora

Taraktocin da ke noma a ƙauyukanmu yawancinsu sun girmi direbobinsu. Akwai jar Massey Ferguson 375, akwai ragowar Steyr da aka harhaɗa a Bauchi. Fenti ya koɗe, wayoyi a waje, wata ma sai an tura take tashi, amma damina na faɗuwa layi ake yi a ƙofar mai ita.

Nakan yi tunanin abin da zai faru ranar da irin wannan tarakta ta kama wuta, ko ta kife da tirela a hanyar kasuwa. Kamfanin inshora kuɗinta a kasuwar yau yake dubawa, kuma tsohon ƙarfe ba ya tsada a takarda. Gobara, sata da haɗari su ake biya. In inji ya buga saboda tsufa, wannan tsakanin mutum ne da bakanikensa. A ganina nan ciwon yake, domin asarar gaske ita ce mako biyu na watan Yuni da ta yi kwance ana neman famfon mai, gonakin mutane na jiran haro.

Hukumar NAIC tana inshorar noma tun 1987. Masu ƙyamar riba kuma, ga takaful, wato inshorar Musulunci. Sai dai duka za su tambayi takardun mallaka, tarakta kuwa ta bi hannu huɗu, rasit ya ɓata tun a na biyu. Mai tarakta, fara da rubuta lambar inji da ta shasi, ka adana.