Daga Takeita zuwa Ɗan Barto: ina mai ƙorafi zai kai maganarsa?

Duk wanda ya baro Damagaram ya nufi yamma bisa babbar hanyar Yamai, idan ya ci wajen kilomita 50 zai iske Takeita, inda wata hanya ta ratse hagu ta yi kudu. Daga nan ƙasa take fara sauya kama. Duwatsun Damagaram su koma baya, itatuwan gawo su yawaita cikin gonaki, ƙauyuka su matso kusa da juna har mutum ya kasa gane inda gonar wannan gari ta ƙare da inda ta wancan ta soma. A wuce Kance da fadar sarkinta, sai ga Matamaye, inda ma'aikatun gundumar suke. Ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan dubu 400 a wannan gunduma, alhali kuwa faɗinta bai taka kara ya karya ba idan an gwada da sauran gundumomin jihar. Da rani, raken fadamun Korama ne yake tarbar baƙo a bakin tasha, dami bisa dami.

Matamaye mararraba ce. Hanya guda ta yi gabas zuwa Magarya, guda ta gangara Ɗan Barto, daga can sai Kongolam, Mai'aduwa da Daura. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba ƴan uwa, amma ba ta raba kasuwa ba: ana ciniki da sefa, ana ciniki da naira, yaro ma ya san canjin ranar kafin ya karya kumallo. Saboda haka mutumin Matamaye siyasa biyu yake saurare. Yana jin yadda ƴan Katsina da Kano suke caccakar gwamnoninsu a rediyo, yana kuma jin abin da ake faɗi daga Yamai, ya auna a zuciyarsa. Wanda yake tsammanin ɗan ƙauye bai san abin da duniya take ciki ba, to, bai taɓa zama rumfar mai shayi a wannan gari ba.

Abin da baƙo zai lura da shi bayan ƴan kwanaki shi ne inda murya take tashi da inda take sauka. A kan kuɗin tiyar hatsi, da tsadar taki, da faɗuwar naira, kowa sai ya buɗe maƙogwaro. Da zance ya karkato wajen masu mulki, sai a waiga hagu da dama, wani ya ce Allah ya kyauta, wani ya tuna yana da saƙo a bakin kasuwa. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, aka dakatar da ayyukan jam'iyyu. A watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da aka zaɓa a Disamba 2020, aka naɗa masu riƙo a madadin magadan gari. A watan Yuni na wannan shekara aka gyara dokar laifukan intanet, aka maido da hukuncin ɗauri ga wanda aka samu da ɓata suna ko yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a, ko da saƙon murya ne a WhatsApp. Ranar 26 ga Maris 2025 aka rusa jam'iyyun baki ɗaya, aka rantsar da Janar Abdurahaman Tiani bisa wa'adin shekara 5. Akwai masu goyon bayan wannan tafiya da zuciya ɗaya, kuma ba kaɗan ba ne. Su suna da filin taro da lasifika. Tambayata a kan ɗaya ɓangaren take: mutumin da yake son ƙasarsa, amma yake da ja a kan wani abu, ina zai kai maganarsa?

Wannan waige-waigen ya girmi yawancin masu yinsa. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Jibo Bakari da jam'iyyarsa ta Sawaba, mai alamar raƙumi, sun nemi a ce a'a ga tayin Janar Dagol. Gwamnan Faransa da galibin sarakuna suka tsaya kan i, i ta yi rinjaye da kusan kashi 78 cikin 100. A 1959 aka haramta Sawaba, magoya bayanta da yawa suka tsallaka Kano inda ƴan NEPU na Malam Aminu suka karɓe su, waɗanda suka rage a gida kuwa suka koyi rufe baki, musamman bayan hare-haren 1964 da kamen da ya biyo baya. A zamanin nan sarauta da gwamnati tsintsiya ɗaya suke: Sarkin Kance na lokacin, Amadu Isaka, minista ne a gwamnatin Jori Hamani. Talakan da yake da ƙara a kan hukuma, idan ya je fada, hukumar zai iske zaune bisa shimfiɗa.

Amma a wannan zamani na jam'iyya guda ne aka yi wani abu da ya kamata a riƙa tunawa da shi. Nan ƙasar gyaɗa ce. Har masana'antar matse mai aka yi a Matamaye, wadda yau sai labari. Babbar gardamar manomi a lokacin ba da shugaban ƙasa take ba, da mai sikeli take. Bayan kafa hukumar ƙungiyoyin gama-kai ta UNCC a 1962, aka fara sakar wa manoma ragamar wasu kasuwannin gyaɗa, suka zaɓi masu awo da masu rubutu daga cikinsu, dattawa suka shiga yaƙi da jahilci don kawai su iya karanta lambar da allurar sikeli ta nuna. Mutumin da ba ya iya cewa uffan a kan Jori ya samu bakin cewa buhunsa ya fi abin da aka rubuta. A ganina, wannan ita ce makarantar siyasa ta farko da ƙauyukan nan suka shiga, tun kafin a zo da akwatin zaɓe mai launi-launi.

Mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ya zo da samariya da aikin gayya, ya kuma zo da kunnuwa a jikin kowane bango. Sai bayan jinin ɗalibai ya zuba a gadar Kenedi ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka yi babban taron ƙasa daga Yuli zuwa Nuwamba 1991 ƙarƙashin Andre Salifu, sannan bakuna suka buɗe. Jaridu masu zaman kansu suka fito, matasa suka kafa fada-fada a bakin titi, a 1993 ɗan Damagaram Mahamman Usman ya hau mulki bisa taken canji. Manyanmu suna ba da labarin wannan lokaci da annuri a fuska, amma idan an matsa musu sai su faɗi ɗaya rabin. Siyasar jam'iyyu ta raba wa da ƙane, ta hana gaisuwar mutuwa, ta sa an sauya wa malamin makaranta wurin aiki don an ga hularsa a taron da ba na masu mulki ba. An samu ƴancin magana, ba a koyi yadda ake ja da mutum a ci tuwo tare da shi da dare ba. Shi ya sa da Bare Mainasara ya kifar da gwamnatin ranar 27 ga Janairu 1996, ba kowa ya yi kuka ba. Wanda yake son ya gane dalilin da ya sa wasu a yau suke cewa gara da aka rusa jam'iyyu, to, daga nan zai fara.

To, da yake Bahaushe ba ya rasa hanya, maganar da aka hana ta fita ta ƙofa takan fita ta taga. Akwai habaici, akwai karin magana, akwai wasan barkwanci tsakanin taubasai da tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014. A rumfar Matamaye za ka ji an yi rabin awa ana zancen wani direba da ya ƙi sauraren karen motarsa har ya afka rami, kowa yana dariya, kowa ya san ba zancen mota ake ba. Ina sha'awar wannan fasaha, kuma ta tsare mutane da yawa daga kwana a hannun jandarma. Sai dai habaici bai taɓa gyara famfo ba. Yana sanyaya zuciyar mai yinsa, wanda aka yi dominsa kuwa yana iya cewa bai ji ba, tunda ba a ambaci sunansa ba, ba a kuma faɗi abin da ake so ya yi ba.

Akwai kuma masu magana da ƙafa. A ƙarshen Oktoba 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 cikin hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su: yara 52, mata 33, maza 7. Galibinsu daga wannan gunduma ta Kance suka fito. Aka yi zaman makoki na kwana uku, aka yi yarjejeniya da Aljeriya a 2014 ta maido da dubban ƴan Nijar, aka kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, aka soke ta a Nuwamba 2023. An yi ta wa'azi a kan matan Kance, an kira su masu kwaɗayi, an kira su masu zubar da mutuncin ƙasa. Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi abin da yake fitar da mace da goyo daga ɗakinta zuwa Tamanraset. Gonar gado da aka raba har ta koma kamar tabarma, rumbun da yake ƙarewa tun kafin bazara, bikin da ake gasa a kansa: duk waɗannan maganganu ne da ya kamata a ce an yi su a gaban hukuma tun da wuri, da bakin matan kansu. Ba a ba su wurin zama a taron ba, sai aka ji saƙonsu daga bakin rijiyar da ba su kai gare ta ba.

Ɗan kasuwa yakan ce shi ba ruwansa da siyasa, uwarsa kasuwa ubansa kasuwa. Ɗan Barto ta isa ta ƙaryata shi. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta, a zamanin Muhammadu Buhari, wanda gidansa na Daura yake nan kusa. A ƙarshen Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufewa, aka yanke wutar lantarkin da take zuwa daga Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A kowane karo kaya ba su daina wucewa ba, hanya ce ta koma daji bisa babura, kuɗin da za a biya a hannu ya ninka, mai ƙaramin jari ya karye, mai babban jari ya ƙara ƙiba. Ƴan kasuwa kuwa sun taɓa nuna suna da murya. A Maris 2005, da gwamnatin Tanja Mamadu ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan fulawa, madara, sukari, ruwa da wuta, haɗin gwiwar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa ya kira a zauna gida. Shaguna suka rufe a Yamai, Maraɗi da Damagaram. An kama jagorori, cikinsu har da Nuhu Arzika da Musa Cangari, amma cikin Afrilu gwamnati ta janye harajin daga kan galibin kayan. Abin da ya ba wannan yunƙuri ƙarfi shi ne buƙatarsa guda ce, mai suna, mai lamba, kuma ba ta nemi kujerar kowa ba. Kada dai mai karatu ya ɗauka hanyar a share take: an sake kama Musa Cangari a Disamba 2024.

Ma'aikacin gwamnati nasa ya fi wuya. Doka ta ɗora masa kame baki, albashinsa a hannun wanda zai soka yake, kuma kowa ya san takardar sauyin wurin aiki ba ta bukatar dogon bayani. Ba zan ce wa mai iyali ya hau tebur a tasha ba. Amma kame baki a bainar jama'a daban, rubuta ƙarya a rahoto daban. Malamin gona da ya rubuta cewa damina ta yi kyau alhali ya ga rumbuna, ko shugaban makarantar da ya ƙidaya rumfar zana a matsayin aji, ba biyayya ya yi ba, ya rufe wa na sama ido ne. Ƙasar nan ta ga abin da musun yunwa ya jawo a 2005. Rahoto na gaskiya, da sa hannu da kwanan wata, magana ce da ba a iya cewa ba a ji ba, kuma har yanzu ba a hana ta ba.

Zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yuli 2004 ya ba gundumar nan majalisu tara, daga Matamaye da Kance zuwa Dungu, Yawuri, Kurni da Ɗan Barto. Ba duka suka yi abin kirki ba. An ga kansilolin da ba a sake ganinsu ba sai zaɓe ya matso. Duk da haka, shekara 20 mai sayar da rake yana da wani maƙwabci da zai tare a ƙofar masallaci ya tambaye shi inda kuɗin tikitin kasuwa suke shiga, don ya san zai dawo neman ƙuri'arsa. Wanda aka naɗa daga sama, ko da mutumin kirki ne, wanda ya naɗa shi yake yi wa bayani. Abin da ya rage a hannun jama'a shi ne kwamitin iyayen yara, kwamitin gidan likita, ƙungiyar masu famfo, sandikar ƴan tasha da ta ƴan kasuwa, da zauren mai unguwa. A nan ake ƙidaya kuɗi a gaban mutane, ko a ƙi ƙidayawa. A kasuwar Matamaye har yanzu ana yanka tikiti kowace ranar kasuwa, akwai masu karɓa su duba lamba da hatimi su adana a aljihu, akwai masu miƙa kuɗin su juya baya tun kafin a yage takardar.