Ranar da na ga murjani da ransa

Ni ɗan tudu ne. Ruwan da na sani ina yaro shi ne kududdufin bayan unguwa, wanda in aka kama ka kana wanka a ciki sai bulala ta tashi. Shi ya sa lokacin da nake karatu a Maleshiya, da abokai suka ce mu je Kota Kinabalu, babban birnin jihar Sabah a tsibirin Borniyo, ban yi tunanin zan jiƙa ko ƙafa ba.

Daga tashar Jesselton Point muka hau kwalekwale mai inji. Ba mu yi minti 20 ba muka isa Manukan, ɗaya daga tsibirai biyar na gandun teku na Tunku Abdul Rahman, wanda aka kafa a 1974 da sunan firaministan ƙasar na farko. Sauran su ne Gaya da Sapi da Mamutik da Sulug. Duk tafiyar nan ina riƙe da bakin jirgi, ina ta salati.

Da muka sauka, abokina ɗan Yawuri, wanda ya tashi a bakin Kwara, ya ɗaura mini rigar hana nutsewa, ya miƙo mini gilashin ruwa mai bututun numfashi. Ya ce, "Malam, kifa fuskarka kawai, ba wanda ya ce ka yi iyo."

Na kifa. Kifaye masu zanen rawaya da baƙi suka kewaye ni, wani ɗan ƙarami har ya ɗan ciji yatsana. Ƙarƙashinsu ga wasu abubuwa masu rassa kamar ƙahon barewa. Na ɗauka duwatsu ne, na nemi in taka in huta, sai mai kula da wurin ya daka mini tsawa. Ashe murjani ne, kuma da ransa: ƙananan halittu ne ke gina shi a hankali, shekara da shekaru, taku ɗaya kuwa sai ya karya aikin da suka daɗe suna yi.

Murjanin da na sani shi ne ja na wuyan kakata, wanda take ɓoyewa a cikin adudu sai ranar biki. Har ta rasu ban taɓa tambayarta daga ina yake zuwa ba.

Da yamma muna komawa, Dutsen Kinabalu ya leƙo ta cikin gajimare. Sai a lokacin na lura hannuna ba ya kan bakin jirgi.