Yoyon Baƙin Mai a Tsohuwar A-kori-kura

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san abin da ake ji idan aka tada ta da safe aka tarar da baƙin tabo a inda ta kwana. Tamu fijo ce 504 a-kori-kura, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Da ita kawuna ke jigilar hatsi zuwa kasuwar Dawanau, da ita ake cefanen gida, don haka ɗigon nan ba abin wasa ba ne a wurinmu. Injin da mai ya ƙare masa yana cikin tafiya ya buga ke nan.

Abin da na fahimta bayan shekaru ina bin kawu gareji shi ne, inda mai ke ɗiga daban, inda yake fitowa daban. Mai gangarowa yake yi, iskar fanka da ta hanya kuma su kora shi baya, ƙura ta kama shi ta zama dafkal. Shi ya sa kusan kowane yoyo ke taruwa a ƙasan inji, wajen mahaɗarsa da giyabos. Bakanike mai gaggawa na leƙawa sai ya ce ta bayan kuranshaf ne, a sauke giya. Aikin yini guda ke nan da kuɗi masu kauri. Wani ya faɗa mana haka, kawu ya ce, "To, mun ji, bari mu je mu yi shawara."

Wani dattijon bakanike muka kai wa, mutum marar son magana. Bai taɓa sifana ba. Cewa ya yi, "Alhaji, a fara wanke ta tukuna." Yaransa suka goge injin da kananzir tas, aka bari ya bushe, ya barbaɗa hoda irin ta jarirai a jikinsa, sannan ya ce a tada ta a bar ta tana aiki. Ni kam dariya ta so kama ni, ganin ana yi wa inji kwalliya. Can bayan kamar minti goma sai ga wani siririn layi baƙi ya tsaga farar hodar. Dattijon ya bi shi da ɗan yatsa, yana hawa sama, har ya kai inda ya ƙare: ƙarƙashin murfin saman inji, ta can baya. Fakin wurin ne ya tsufa ya bushe. Injin fijo kuwa a karkace yake zaune, saboda haka mai na fita sai ya bi gefen da ya kwanta ya sauka.

Bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya fi burge ni. Ya zare tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa, ya busa, ya ji a toshe. Ya ce idan hucin cikin inji ya rasa mafita, mai zai riƙa turowa ta duk inda ya samu rauni, ko da an sa sabon fakin. Aka wanke tiyon, aka sauya fakin, ya hana yaronsa matse notin da ƙarfi don kada murfin ya lanƙwashe.

Da za mu tafi ya ba kawu farin kwali, ya ce ya shimfiɗa a ƙarƙashinta kwana uku, ya kuma riƙa duba gejin mai kullum kafin ya ɗauki kaya.