Rokfot, zangon ƴan tsuntsaye masu shan fure

Labarin wanga wata daga nesa ya fito, daga ƙasar Amurka. Labarin wani gari ne da wata ƴar tsuntsuwa da ke yada zango cikinshi kowace kaka.

Sunan garin Rokfot. Shina cikin jihar Teksas, kudancin Amurka, bakin babban ruwan gishiri da ake ce ma Tekun Meksiko. Ba babban birni ba ne, mutanenshi wajen dubu 10 ne. Akwai masunta cikinsu, akwai masu masaukin baƙi, akwai tsofaffi da sunka bar aiki sunka zo hutawa. Ƙasar wurin shimfiɗe take, rairayi da fadama, babu dutsi babu tudu. Iska na busowa daga teku kusan kullum, har itatuwan bakin gaɓa sun karkace gefe guda, sun tsufa hakanan.

Ita tsuntsuwar, Faransawa na ce mata kolibiri. Amurkawa kuwa daga ƙarar fukafukanta sunka sa mata suna, don in ta gitta kusa da kunnen mutum sai shi ji zuuu kamar buzuzu. Babu ta Afirka, babu ta Turai. Nahiyar Amurka kaɗai Allah ya aje ta, kuma irinta ya fi 300. Wanda ya san sha-kauci ya san kamanninta kaɗan: dogon baki siriri da son fure. Amma ba dangi guda ba ne.

Wadda ta fi yawa a Rokfot ita ce mai jan maƙogwaro. Bayanta kore ne mai walƙiya, cikinta fari-fari. Namijin ne ke da jan. In rana ta haska wuyanshi sai ka ce garwashi, in ya juya cikin inuwa sai wurin shi koma baƙi. Tsawonta har da baki santimita 8 ne ko 9. Nauyinta giram 3, kusan nauyin dala guda ta ƙarfe. Mai karatu shi aza dala bisa tafin hannunshi shi ji. To, wannan shi ne tsuntsun duka, da gashi da ƙashi.

Tana kaɗa fukafukai wajen sau 50 cikin daƙiƙa guda, ido ba shi iya ganinsu. Tana tsayawa cik cikin iska gaban fure ba tare da ta sauka ba, ta zura baki ta sha ruwan zaƙi, ta ja da baya kamar yadda ta shigo. In tana tashi, zuciyarta na bugawa fiye da sau 1000 cikin minti guda. Jikin da ke aiki haka ba shi jimre yunwa. Yini duka tana bisa abinci, daga wanga fure zuwa wancan, tana haɗawa da sauro da ƙananan ƙwari, don ruwan zaƙi kaɗai ba shi gina jiki.

Lokacin zafi, cikin dazuzzuka da garake na gabashin Amurka da kudancin Kanada take zama. Nan take haifuwa. Macen ce ke gina sheƙa ita kaɗai, da audugar ciyayi da zaren gizo-gizo. Sheƙar ba ta kai ƙaramin kofin shayi ba. Ƙwai 2 take yi, kowane kamar ƙwayar wake. Ita ke kwanci, ita ke ciyarwa. Namijin babu ruwanshi, aikinshi tsaron furanni da faɗa.

Amma ƙasashen nan suna da mugun ɗari. Ruwa na daskarewa, ƙanƙara na rufe ƙasa wata da watanni, babu fure babu ƙwaro. Dole kolibiri ta tafi cin rani. Tana zuwa kudancin Meksiko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, har Kosta Rika da Fanama. Ba ta jiran sanyi shi iso. Can arewa, yini na raguwa ƙwarai in kaka ta gabato, kuma wagga raguwa ce ke shaida ma jikinta lokaci ya yi. Tun furanni na nan cike take fara shiri.

Maza ke fara tashi, wasu tun ƙarshen watan Yuli. Mata su biyo. Ɗiyan bana su ne na ƙarshe. Nan abin mamaki shike. Shamuwa in za ta bar Nijar ƙarshen damana, taruwa take yi garke-garke, manya da ƙanana su tafi tare. Kolibiri ba ta yin ayari. Babu madugu, babu jagaba. Kowace ita kaɗai take tafiya. Ɗan da anka ƙyanƙyashe watan Yuni, uwarshi ta riga ta tafi ta bar shi, bai taɓa ganin hanya ba, amma shina tashi shi nufi kudu daidai. Mutanen da can sun kasa yarda da wanga abu, har sunka riƙa cewa bisa bayan dinya take hawa a kai ta. Tatsuniya ce. Da fukafukanta take zuwa.

In ta iso bakin Tekun Meksiko, hanya biyu ce gabanta. Ko ta bi gaɓa ta zagaya ta yamma, ta Teksas, ta shiga Meksiko ta ƙasa. Ko ta yanke ta bisa ruwa zuwa Yukatan, wajen kilomita 800, kusan nisan Yamai da Damagaram. Tafiyar awa 20 ce ko kusa, dare da rana, babu itace babu fure, babu ruwan sha. In iska ta juya ta fuskance ta tsakiyar teku, ƙarfinta na iya ƙarewa ta faɗa ruwa. Masunta da ma'aikatan haƙar man fetur cikin teku suna ganin wasu sun sauka bisa jiragensu a gajiye.

Ƙaƙa tsuntsun giram 3 ke wagga tafiya? Da guzuri. Ba ta da burgami ba ta da salka, cikin jikinta take ɗaukar guzurin. Kwanaki kafin ta tashi tana ci babu ƙaƙƙautawa, zaƙin na komawa kitse ƙarƙashin fata, har nauyinta shi kusa ninkawa, daga giram 3 zuwa 5 ko 6. Wanga kitse take ƙonawa bisa hanya. Wadda ta tashi da ƙiba ramammiya take sauka.

Rokfot na bisa hanyar masu bin gaɓa, shi ya sa tsuntsayen ke taruwa nan da yawa cikin watan Satumba. Mutanen garin sun daɗe da sanin haka. Tun watan Agusta suke fiddo kwalaben ciyarwa. Kwalba ce a kife, da jan gindi mai ƙananan kafofi kamar bakin fure. Ja ake sa mata don tsuntsuwar na hango ja daga nesa. Abin da ake zubawa ciki ba wani magani ba ne: awo guda na farin sukari, awo 4 na ruwa mai tsabta. Ba a sa zuma, tana saurin lalacewa ta ba tsuntsu ciwo. Ba a sa rini. Lokacin zafi, kwana 2 ko 3 ake zubar da na ciki a wanke kwalbar a sake, don in ruwan ya yi tsami guba ne. Wanda ba shi iya wanga wanki, gara kada shi rataya tun farko. Ana kuma shuka mata furanni cikin garkar gida. Akwai wani ɗan jan fure na wurin, dangin kuɓewa da yakuwa, wanda take so ƙwarai, kuma daidai lokacin wucewarta shike buɗewa.

Tun da asuba mai gida ke fitowa ƙofar ɗaki da kofin gahawa, shi zauna shiru. Kafin rana ta fito sun iso. Gida guda ana iya rataya kwalba 10 ko 20 jikin rassa da bakin rumfa, kowace da ƴan tsuntsaye kewaye da ita kamar ƙudan zuma. Kada ƙanƙantarsu ta ruɗi mutum, mafaɗata ne. Guda sai shi hau reshe shi ce kwalbar nan tashi ce, duk wanda ya matso shi fatattake shi. Dabarar masu gida ita ce su rarraba kwalaben, wata gaba wata gefe, yadda azzalumin ba shi iya tsaronsu duka. Amma in taro ya yi yawa tsakiyar Satumba, shi ma gajiya shike yi, sai ka ga 5 ko 6 bisa kwalba guda suna sha tare.

Mai kallo na tsammanin tsuntsayen jiya ne shike gani yau. Sau da yawa ba su ba ne. Na jiya sun cika guzuri sun wuce, waɗanga baƙi ne da sunka iso daga arewa. Ran da iskar arewa mai ɗan sanyi ta taso, ita ce ke tura su gaba. Gidan da ya cika da ƙara jiya sai a wayi gari shiru, bayan kwana biyu wasu su sake cika shi.

Garin na yin bukin waɗanga tsuntsaye cikin watan Satumba. Baƙi na zuwa daga jihohi masu nisa. Wasu masu gidaje na buɗe garakensu, wanda ba su sani ba shi shigo shi zauna shi yi kallo. Akwai kuma masana masu takardar izinin gwamnati da ke kama tsuntsayen da keji na raga. Su auna nauyi, su auna baki da fiffike. Su hura gashin ƙirji da ɗan tsinke mai rami, su duba yawan kitsen da ke ƙarƙashin fata. Sannan su sa mata zobe ga ƙafa, ɗan mitsitsi mai lamba, kamar yadda makiyayi ke yi ma dabba shaida. In an gama, sai a aza ta bisa tafin hannun wani yaro ko wata tsohuwa cikin masu kallo. Takan kwanta ɗan lokaci, mai hannun na jin bugun zuciyarta kamar rawar ɗari, sai fir, ta tafi.

Da waɗanga zobba anka gane abubuwa da yawa. An gane tsuntsuwa na komawa gidan da ta sha bara, har ma kusan rana guda. An samu wadda ta kai shekara 9. A 2010, wata ƴar'uwarta mai launin jan ƙasa da anka sa ma zobe a Fulorida cikin watan Janairu, an sake kama ta a Alaska cikin watan Yuni, nisan fiye da kilomita 5500.

Akwai gardamar da ke tasowa kowace shekara. Wasu na cewa a sauke kwalabe da wuri, kada daɗin sukari shi riƙe tsuntsu har ɗari shi same shi. Masana sun ce ba haka ba ne. Kwalba ba ta riƙe kowa. Tana tashi ta bar fure buɗe da kwalba cike in lokacinta ya yi. Wanda ya sauke da wuri, ƙanana da raunana na baya ya hana ma abinci. Abin da ke kashe ta cikin gidaje daban ne: mussa mai laɓe ƙarƙashin fure, gilashin taga da take karo da shi, da maganin ƙwari da ke ƙare ƙwarin da take ci.

Daren 25 ga Agusta 2017 wata babbar guguwar teku da anka sa ma suna Harvey ta faɗa ma Rokfot, da iska mai gudun fiye da kilomita 200 cikin awa guda. Ta kware rufin gidaje, ta rushe wasu, ta karya turakun lantarki. Mutane sunka zauna kwanaki da yawa babu wuta babu ruwan famfo. Itatuwa sunka tsaya tsirara babu ganye. Furanni duk sun tafi. Ga shi kuma saura sati 2 ko 3 taron tsuntsaye shi iso, su kuwa ba su san an yi guguwa ba. Za su sauka inda sunka saba, da yunwa, su tarar babu komi.

Bukin bai yiwu ba shekaran nan. Amma labari ya bazu, mutane daga wasu garuruwa sunka aiko da kwalabe da buhunan sukari, ban da taimakon da ake kawo ma jama'a. Anka rarraba. Mutumin da ɗakinshi ba shi da rufi ya rataya jar kwalba ga karyayyen reshe, tsakiyar tarkacen kwano da katako. Wani na iya cewa wanga ba lokacin kula da tsuntsu ba ne, kuma maganarshi na da hujja. Sai dai awo guda na sukari bai hana kowa gyaran ɗaki ba, tsuntsun kuma ba shi iya jira sai an gama gini. Tsuntsayen sun zo, sun sha, sun wuce.

Cikin watan Oktoba suna raguwa. Yau 10, jibi 3, sai wata safiya guda ɗaya tak, ɗan bana mai farin wuya da bai yi ja ba tukuna. In shi ma ya ɓace, masu gida na barin kwalba guda rataye har sati 2, suna sake mata ruwa, ko akwai wanda ya makara bisa hanya.

Daidai lokacin wasu baƙi ke fara sauka cikin fadamun Aransas, arewa da garin kaɗan. Manyan fararen tsuntsaye ne dangin gauraka, tsayinsu mita guda da rabi, daga arewacin Kanada suke zuwa cin rani. A 1941 garkensu bai kai 20 ba, a ƙidayar 2023 ya wuce 500. Masu kallo sai su koma shiga jiragen ruwa don ganinsu. Kwalaben kolibiri kuwa a wanke su a shanya, a aje cikin ɗaki sai watan Maris, lokacin da mazan farko ke dawowa daga kudu.