Zuwa gare ki, taubashiyata

Taubashiya, uwar ƴaƴana,

Sallamar masu rai nake yi miki, don ita kaɗai na iya. Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Ni dai ina nan Filinge, cikin gidan da kika bar mini cike da jama'arki, masu ƙafa huɗu da masu fukafukai. Da asuba su taru bakin ɗakinki suna jira. Me zan ce musu? Ke kika iya yarensu.

Kumandan bai sake hali ba. Bunsurun nan da kika raɗa wa wannan suna don, in ji ki, yana ci bai noma ba, kuma sai ya haɗa da tsawa. Kwanan baya ya tura kai cikin kwandon wake, na ɗaga sanda, sai na tuna yadda kike cewa, "Malam, a bi shi sannu, hukuma ce." Na ajiye sandar ina dariya ni kaɗai, har maƙwabta suka leƙo.

Tun muna yara ban taɓa cin ki a baki ba. Ƴar kawuna ce ke, wasan taubasai ya ba ki damar tsokanata, aure ya zo bai karɓe ta ba. Kin tuna ranakun Lahadi? Kasuwa ta cika da Fulani da Buzaye da Zabarmawa, ke kuwa sai kin ratsa ta wajen dabbobi ko ba ki da dala a ɗaure. Ki ɗaga kan tunkiya, ki duba ido da hanci, ki ce wa dillali ba ta da lafiya. Ya hau rantsuwa. Ki ce, "To jiƙa rantsuwar ka ba ta ta sha, wataƙila ta miƙe."

Sai saniyarki, wadda kika shigo da ita tana maraƙa kika ce, "Ga kishiya na kawo maka, ka huta da nema." Ubanta bijimi ne na gidan kiwon Tukunus, can arewa da mu, inda tun 1954 ake tace irin shanun Azawak. Kullum kina yi mini gori cewa ta fi mu asali, tunda kakanninta a takarda suke, namu kuwa sai abin da maroƙi ya tuna.

Da daminar 2009 ta gaza, rani ya shigo 2010 babu ciyawa, shanu suna faɗuwa a bakin rijiyoyin ƙasarmu ta Kurfai, farashinsu ya zube. Na ce mu sayar tun tana iya tafiya. Kika ce wadda ta shayar da ƴaƴanki ba za ta tafi hannun mahauci a kan kuɗin buhun gero ba. Kafin kiran salla kin fita cikin kwarin Dallol da buhu, kina tsintar ƴaƴan gawo, ki dawo ƙafa duk ƙaya, ki haɗa mata da dusa da ɗan kanwa. Ta rayu. Kika daɗe kina gaishe ni da "Sannu, mai shawara."

To ke da kike gane ciwon tunkiyar wani daga nesa, don me kika rufe naki? Na ga zanenki ya fara zagaye ki sau biyu, na ce kin rame, kika ce yayin matan Yamai ne. Tari ya hana ki barci, kika ce zabbi kike koya wa kiran asuba. Kuma na yi dariya, taubashiya. Kowane lokaci sai na yi.

Da likita ya ce a kai ki Yamai, tafiyar kilomita kamar 180, na ce bari a yanke gero tukuna. Na kawo maganar sayar da saniya, kika ce ba a sayar da kishiya, sai dai a sake ta. Na yarda da sauri, kuma na san dalili: wasanki ya fi mini sauƙin ɗauka a kan tsoro. Ke kika yi gardama da ni a kan ran dabba har kika ci. Ni me ya hana ni gardama da ke a kan naki? Ki yafe mini. Amma ke ma, ina laifin ki ajiye wasa sau ɗaya, ki ce, "Malam, ina jin jiki"?

Na sha yi miki alkawarin zuwa Kure ki ga raƙuman dawa, waɗanda a da su kaɗai suka rage a duk Afirka ta Yamma, cikin wannan Dallol Boso namu. Ranar da a ƙarshe muka ɗauki hanyar Yamai kina kwance a mota, kika buɗe ido kika ce ashe sai da ciwo ake samun yawon buɗe ido a gidana. Direba ma ya yi dariya. Ni a nan tawa ta ƙare.

Auta ta gado ki. Ita ke kwance awaki, ita ke yi wa kyanwa faɗa, bakinta kuma ya fara yi mini yawa. Da Layya ta gudu gidan gwaggonta kafin a kayar da rago, kamar yadda kike yi.

Kishiyar taki ta tsufa, haƙora sun zube, sai an jiƙa mata dusa. Mahauta sun fara zagayowa da gaisuwar da ba ta Allah ba. Na ce musu mai ita ba ta ba ni izini ba. Yaya zan yi da ita, taubashiya? In bar ta ta ƙare a turkenta, ko kuwa?

Naki,
Malam